Aikina da mutanen da kowane ofis ya sallama

Lissafin kuɗi na karanta, kuma aikin da ƙungiyar agajin ta ɗauke ni a kai tun farko shi ne shigar da bayanai cikin kwamfuta. Ƙungiyar tana kula da mutanen da ba su da wurin kwana, waɗanda akasarinsu ke ɗauke da wata matsalar a kan wannan: shaye-shaye, lalurar ƙwaƙwalwa, zaman gidan yari, ko duka a haɗe. Nawa shi ne in karɓi takardun da ma'aikata suka cike, in shigar da suna da shekaru da dalilin zuwa, in rufe fayil idan aka ce a rufe. Ba wani kishi ne ya kawo ni ba. Aiki nake nema, shi kuma ya samu.

Wanda ke zaune a kan rajista yana ganin abin da masu fita waje, wato ma'aikatan da ke zuwa su sami mutane a inda suke kwana, ba su da lokacin gani. Sunaye ne suke ta dawowa. A rufe fayil ɗin mutum da damina, kafin ƙarshen shekara a sake buɗe shi, sai dai wannan karon daga asibiti aka turo shi, ko daga kotu. Dalilin rufewar kuma kusan kullum ɗaya ne: "Bai ba da haɗin kai ba." Da abin ya ishe ni sai na fara karanta abin da ke cikin fayilolin, duk da ba a sa ni ba.

Ga yadda labarin yake tafiya, kusan babu canji. Sashen lafiyar ƙwaƙwalwa zai ce ba zai iya duba mutum ba sai ya daina shaye-shaye, domin ba a iya rarrabe ciwo da maye. Wurin masu taimaka wa 'yan shaye-shaye za su ce hankalinsa bai kwanta ba, a fara kai shi asibiti. Ofishin gidaje zai ce sai ya nuna ya natsu kafin a ba shi ɗaki. Ofishin tallafi yana son katin shaida, masu ba da katin suna son adireshi. A tura masa takardar ganin likita zuwa adireshin da ya bari tuntuni, ya kasa zuwa, a cire sunansa. Kowane ofis yana da gaskiyarsa idan aka dubi dokarsa shi kaɗai. Amma mutum guda ne ake ta wurgawa a tsakaninsu, kuma a ƙarshe shi ake rubuta wa rashin haɗin kai.

Daga baya na gane ba a wurinmu kaɗai abin yake ba. Wani rahoto da gidauniyar Lankelly Chase ta fitar a 2015 ya ƙiyasta cewa a Ingila kaɗai akwai kimanin mutum 58,000 da a shekara guda suke fama da rashin matsuguni da shaye-shaye da shiga hannun hukuma, duka ukun lokaci ɗaya. Wani nazarin kuma da mujallar The Lancet ta buga a 2018, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe masu arziki a kan marasa matsuguni da fursunoni da mata masu zaman kansu da masu shaye-shaye, ya nuna mace-mace a cikin mazansu ya ninka na sauran jama'a kusan sau 8, a cikin matansu kusan sau 12. A ƙasashen da ke da asibitoci da kuɗi ke nan.

Na roƙi shugabar sashenmu ta bar ni in riƙa bin masu fita da asuba ranar da ba ni da aiki. Ta dube ni ta ce, "Ki zo, amma bakinki alaikum. Kallo za ki yi." Haka na fara. Da gurbi ya samu a ƙungiyar masu fita waje sai na nema, aka ba ni bisa sharaɗin in yi kwasa-kwasan horo ina cikin aiki. Mahaifiyata ta jima ba ta gane ba. Takan ce, "Ke da aka ba kujera da kwamfuta, me ya kai ki bin mutane a ƙarƙashin gada?" Ban taɓa samun amsar da ta gamsar da ita ba, sai dai ta ga na dage ta bi ni da addu'a.

Darasin farko na jiki ne, ba na baki ba. Ba a tsaya wa mai barci a ka. Ana durƙusawa daga ɗan nesa, a yi sallama, a faɗi suna da inda aka fito, a jira. Ba a taɓa shi don a tashe shi, ba a taɓa kayansa, domin wannan ƙullin da ke gefensa shi ne duk abin da ya mallaka, kuma an sha kwashe masa shi a zubar. Idan ya ce a tafi, a tafi, amma a gaya masa ranar da za a dawo, a kuma dawo ranar. Mutum biyu ake fita, ofis ya san inda kuke da lokacin da za ku kira.

Akwai wani dattijo da aka damƙa mini, wanda ya fi kowa daɗewa a rajistarmu. Na san fayil ɗinsa kamar na haddace tun ina kan tebur. Watanni na yi ina zuwa ina gaishe shi, iyakarsa ya ɗaga mini hannu. Ranar da ya ga damar magana, abin da ya ce shi ne, "'Yata, ke ce ta nawa?" Na ce, "Ta nawa a me, Baba?" Ya ce, "A masu zuwa da takarda. Kowa ya zo sai in ba shi labarina tun daga haihuwa, ya rubuta, ya ce zai dawo. Sai in ga wata sabuwar fuska da sabuwar takarda. Na gaji da tonon ciwona ina bai wa baƙi." Na ce masa ba sai ya ba ni labari ba, na riga na karanta, abin da nake so in ji shi ne me yake so yanzu. Ya yi shiru, can ya ce tabarau. Idonsa ya yi rauni, ya daina iya karanta komai.

A takardarmu babu gurbin tabarau. Akwai na gida, na magani, na daina sha. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muka nemi tabarau. A wurin gwajin idon ne ya yarda aka auna jininsa, daga nan ya yarda ya ga likita, daga nan maganar katin shaida ta taso da bakinsa. Da na fara da abin da takarda ta ce in fara da shi, da har yanzu hannu yake ɗaga mini.

Akwai hanyar tattaunawa da ake koya mana wadda ta dace da wannan, wadda masanin halayyar ɗan'adam William Miller ya fara bayyanawa a 1983 daga aikinsa da mashaya giya, daga baya shi da Stephen Rollnick suka faɗaɗa ta. Tushenta shi ne, idan ka tsaya kana lissafa wa mutum dalilan da za su sa ya daina, shi kuma zai tsaya yana lissafa maka dalilan da za su sa ya ci gaba, kuma abin da ya ji daga bakinsa shi zai fi yarda da shi. Don haka sai ka yi tambaya, ka saurara, ka maimaita masa abin da ya faɗa, har dalilin canji ya fito daga gare shi. A faɗe abu ne mai sauƙi. A aikace, riƙe harshe a gaban wanda kake gani yana hallaka kansa shi ne abu mafi wuya da na koya, kuma har gobe ina koyo.

Da Baba ya samu ɗaki, na ɗauka an gama. Ashe nan aikin ya soma. Makonnin farko a ƙasa yake kwana, kusa da ƙofa, da takalmansa a ƙafa. Shirun ɗakin ya dame shi. A waje akwai hayaniya da abokan zama, ko da na banza ne, a ciki kuwa daga shi sai tunaninsa. Takardun biyan wuta da ruwa suka fara zuwa, yana tara su a leda bai buɗe ba. Tsofaffin abokai suka gano wurin, suka fara kwana, maƙwabta suka kai ƙara. Duk wanda ke tunanin shiga wannan aiki ya sani cewa rabin sa irin wannan ne: zama da mutum ana buɗe wasiƙu ɗaya bayan ɗaya, rarrashin mai gida, jira a layin waya, raka mutum asibiti a zauna tare har a kira sunansa don kada ya tashi ya tafi.

Ba mu sa wa Baba sharaɗin daina sha kafin ya shiga ɗakin ba, kuma wannan ba ƙirƙirarmu ba ce. A da, tsarin da aka sani shi ne na hawa mataki-mataki: daga titi zuwa masaukin wucin gadi, daga nan idan ka daina sha kana shan magani a ƙara maka, gida na kanka sai a ƙarshe. Mafi yawan masu matsala a cuɗe a matakin farko suke faɗowa. A 1992 Sam Tsemberis ya kafa ƙungiyar Pathways to Housing a birnin New York na Amurka ya juya tsarin: a ba mutum gida tukuna, tallafi ya bi shi ciki, kuma ko ya koma sha ba a ƙwace gidan saboda haka. Finland ta mayar da wannan manufar ƙasa tun daga 2008, kuma yawan waɗanda suka daɗe ba matsuguni ya ragu sosai a can. Kanada ta gwada shi a birane biyar tsakanin 2009 da 2013 da mutum sama da 2,000. Sakamakon ya nuna waɗanda aka ba gida tukuna sun fi zama a gidajensu nesa ba kusa ba, amma ta fuskar shaye-shaye bambancin bai taka kara ya karya ba. Ina faɗa wa sababbin ma'aikata wannan kashi na biyun da gangan. Gida yana maganin rashin gida. Sauran ciwon yana nan, sai dai yanzu akwai ƙofar da za ka ƙwanƙwasa ka same shi.

Ana yawan tambayata ko ba na jin tsoro. An zage ni, an yi mini tsawa, an taɓa jifan bango da kujera ina tsaye. Amma da wuya abin ya zo babu alama, kuma ana koya maka gane alamar: ka rage murya, ka ba da fili, kada ka tsaya tsakanin mutum da ƙofa. Abin da ya sauya mini kallon irin wannan fushin shi ne sanin inda ya samo asali. Binciken da likitoci Vincent Felitti da Robert Anda suka jagoranta a Amurka, wanda aka fara buga sakamakonsa a 1998, ya tambayi dubban manya abin da suka gani suna yara: duka, cin zarafi, shaye-shaye ko taɓin hankali a cikin gida, ganin ana dukan uwa. Waɗanda suka haɗu da iri huɗu ko fiye, haɗarin faɗawarsu cikin shaye-shaye da ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai ya ninka na waɗanda ba su haɗu da ko ɗaya ba sau 4 zuwa 12. Mafi yawan mutanen da nake aiki da su, huɗu kaɗan ne a lissafinsu. Wanda duk babban da ya yarda da shi yana yaro ya cuce shi, ba zai miƙa maka amana don ka rataya katin aiki a wuya ba. Zai gwada ka. Zai zage ka ya ga ko kai ma tafiya za ka yi. Shi ya sa a wurinmu idan mutum ya yi abin da ya wuce gona da iri, mukan ce ya tafi yau ya dawo gobe mu yi magana. Korar har abada sai in babu makawa.

Wannan ba ya nufin babu iyaka. Iyakar ma ita ke riƙe aikin. Ba na ba da lambar wayata ta gida. Ba na ba da bashi daga aljihuna, ko da kuwa zuciyata tana so. Idan wani ya ce, "Malama, zan gaya miki wata magana amma kada kowa ya ji," nakan tare shi kafin ya fara, in ce idan maganar ta shafi ran wani ko lafiyar yaro dole in kai ta gaba, sai ya zaɓa ko zai faɗa. Abin mamaki, yawanci sukan faɗa. Sun fi yarda da wanda ya gaya musu iyakarsa tun farko a kan wanda ya yi alkawarin da ba zai iya cikawa ba.

Ranar sallama daga gidan yari tana cikin ranakun da ba na wasa da su. Mutum ya yi watanni jikinsa ya saba da rashin ƙwaya, ya fito ya sha adadin da ya saba sha a da, numfashi ya tsaya. Wani bincike da aka buga a 2007 a kan fursunoni sama da 30,000 da aka saki a jihar Washington ta Amurka ya gano cewa a makonni biyu na farko, haɗarin mutuwa ta hanyar shan ƙwaya fiye da kima ya ninka na sauran jama'a sau 129. Saboda haka a bakin ƙofa muke jiran mutum, da adireshin inda zai kwana da lokacin ganin likita a ranar. Kowannenmu yana yawo da naloksan, maganin da ke karya ƙarfin ƙwayoyi dangin hiroyin cikin mintuna kaɗan. Ƙarfinsa yana iya ƙarewa kafin na ƙwayar, don haka ko mutum ya farfaɗo sai an kira motar asibiti. Na yi amfani da shi, mutumin ya tashi yana zagina don na ɓata masa maye. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Akwai kuma waɗanda ba mu riska ba. Wani saurayi da ya fara koyon sana'a, har ya fara maganar neman 'yarsa da aka raba shi da ita, an wayi gari an same shi a ɗakinsa. Allah ya ji ƙansa. A wurin binne shi, mu ma'aikata mun fi danginsa yawa. Ba zan ce wani abu ya shirya ni ga wannan ba. Abin da ya riƙe ni shi ne zaman da ake yi da kowane ma'aikaci duk wata, inda kake zama da wanda ya fi ka ƙwarewa ka zazzage abin da ke cikinka, ba don a duba kuskurenka ba. Duk wanda zai karɓi aiki a irin wannan ƙungiya ya tambaya ko suna yin wannan zaman, kuma ko ana soke shi idan aiki ya yi yawa. Idan ana sokewa, ya yi tunani sau biyu. Ƙonewar ma'aikaci, wato aiki ya cinye ƙarfinsa da zuciyarsa har ya gaza, ba sabon abu ba ne. Herbert Freudenberger, wanda ya yi rubutu a kai a 1974, a wani asibitin kyauta na masu shaye-shaye a New York ya lura da shi, a jikin 'yan sa-kai da kuma nasa jikin. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi a matsayin abin da ke tasowa daga matsin aiki da ba a magance ba. Alamarsa da na fi tsoro ba gajiya ba ce. Ita ce ranar da ma'aikaci ya fara kiran mutum da lambar ɗakinsa.

Yanzu ni ke jagorantar ƙungiyar ma'aikata, ni ke zama a ganawar ɗaukar aiki. Ƙofofin shiga suna da yawa fiye da yadda ake zato. Akwai masu fita waje, akwai masu kwana a masauki, akwai wanda ake damƙa wa mutane ƙalilan ya bi su duk inda lamarinsu ya kai, akwai ma'aikatan jinya da masu ba da shawara da jami'an walwalar jama'a waɗanda sai da takardar ƙwarewa, akwai kuma masu neman tallafi da masu lissafi da masu tattara bayanai. Da yawa daga sa-kai suka fara, ko daga aikin dare. Za a binciki tarihinka kafin a ba ka aiki da masu rauni, amma tsohon laifi ba lallai ya rufe ƙofa ba. Mafi iya aiki a cikin ma'aikatana mutum ne da ya taɓa kwana a waje, ya taɓa zaman gidan yari. Abin da zan yi wata uku ina lallaɓawa, shi da jimla ɗaya yake isar da shi, domin ba wanda zai ce masa bai san zafin abin ba. Sai dai irinsu suna buƙatar kulawa ta musamman, saboda kullum suna tsaye a bakin ramin da suka fito, kuma abin takaici ne yadda wasu ƙungiyoyi ke amfani da labarinsu wajen neman kuɗi su bar su a mafi ƙanƙantar albashi.

A ganawa ba na damuwa sosai da mai cewa yana son ya ceci mutane. Irinsu sukan zo da zafi, mutum na farko da ya koma sha bayan wata shida sai su ji kamar an ci amanarsu. Tambayar da nake yi ita ce: ka shirya wa mutum ganin likita da ƙyar, ka zo ɗaukarsa, ya ce ba ya zuwa, ya rufe maka ƙofa. Me za ka yi gobe? Wanda ya ce zai koma ya gaishe shi, ya ji abin da ya tsorata shi, ya sake neman wata ranar, shi nake so. Ina kuma duba ko ya iya rubutu mai tsabta, domin bayanin da ka rubuta yau shi abokin aikinka zai dogara da shi da tsakar dare, wataƙila ma kotu ta nema.

Maganar albashi kuwa, ba zan yi wa kowa ƙarya ba, bai kai nauyin aikin ba. Abin da ya fi ƙarancin albashi ciwo shi ne gajeren kwantiragi. Ana ba ƙungiya tallafin shekara ɗaya ko biyu don ta yi aiki da mutanen da samun yardarsu kaɗai kan ci shekara. Wa'adi na matsowa ma'aikata su fara neman wani wuri, ba laifinsu ba ne, suna da iyali. Masu ba da tallafi kuma lamba suke so: nawa suka samu gida, nawa suka daina sha, nawa suka samu aiki. Babu gurbin da za ka rubuta cewa matar da a bara motar asibiti ke ɗaukarta kusan kowane mako, bana da ƙafarta take zuwa ganin likita. A nan ne karatun lissafina ya dawo ya yi mini rana. Na koyi nuna musu da alƙalumansu abin da kwanan asibiti da zaman kotu da ɗaurin gajeren lokaci ke ci, a gefe guda kuma abin da ma'aikaci ɗaya mai zama daram ke ci.

A takardar neman tallafin da na tura kwanan nan na saka kuɗin wata guda na miƙa aiki, wato idan ma'aikaci zai tafi, shi da wanda zai gaje shi su yi wata suna fita tare, ya gabatar da shi ga kowane mutum ido da ido, kada kowa ya sake ba da tarihinsa daga farko. Masu tallafin sun dawo da tambaya, wai me ya sa za a biya mutum biyu a kujera ɗaya. Na tura musu adadin fayilolin da aka rufe cikin wata uku bayan kowane canjin ma'aikaci a shekarun baya, da adadin waɗanda aka sake buɗewa daga asibiti. Sun ce za su ba da amsa bayan zaman kwamitinsu.